Muhawara: Da gaske talakan ƙauyen Ingila yana cikin rufin asiri a zamanin Sarauniya Biktoriya?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Jiya mun yi wata gardama da abokin aikina har muka rabu ba mu daidaita ba, shi ne na ce bari in kawo ta nan. Ni dai na tsaya a kan cewa a zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, talakan da ya zauna a ƙauyen Ingila ya fi wanda ya tafi birni rufin asiri nesa ba kusa ba. Kowane ƙauye yana cikin gundumar coci, limamin cocin ya san kowa da sunansa. Mai ƙasa yana raba kwal da barguna idan sanyi ya shigo. Ga maƙeri, ga mai niƙa, ga mai ɗinkin takalma, ga mai baibayar ɗaki, kowa da abin yinsa. Wanda ya tafi Manchester kuwa me ya tarar? Hayaƙin masaƙa da kwalara.

Malam Tanko: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, kafin a yi maganar bargo, a fara tambayar ƙasar ta wace ce. Gwamnatinsu ta ƙirga masu mallakar ƙasa a 1873, aka gano mutum wajen 7,000 ne ke riƙe da kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya. Ƙauye hawa uku ne. Mai ƙasa a sama, yana karɓar kuɗin haya. Manomi a tsakiya, shi ya ɗauki gonar haya. Lebura a ƙasa, ba shi da ko taki ɗaya. Sau da yawa ɗakin da yake kwana ma na gonar ne, ran da aka sallame shi daga aiki ran nan zai fara neman inda zai kai iyalinsa.

Baba Manomi: Malam, ku tsaya in fahimta. Wato ɗan ƙodagon nasu ba shi da ko gayauna? Domin mu nan, wanda ke zuwa yi mini ƙodago da safe, da yamma gonarsa yake wucewa, ko da 'yar ƙarama ce. Nawa ake biyansu?

Malam Tanko: Baba, wani yana samun ɗan fili a bayan ɗaki ko ya kama ɗan yanki haya ya shuka dankali, ya kiwata alade ɗaya, iyakarta ke nan. Kuɗin kuwa irin wanda kuka sani ne kafin zuwan naira: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. James Caird ya zagaya gonakin Ingila a 1850 da 1851, ya tarar leburan kudu yana samun wajen sule 8 a mako, na arewa sama da sule 11. Me ya ɗaga na arewa? Masana'antu da ramukan kwal da ke kusa, domin idan manomi ya matsa wa lebura, yana da wurin zuwa. Birnin da ake zagi shi ya ƙara wa ɗan ƙauye daraja.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, ni ma ina da alƙaluma. A rahoton Edwin Chadwick na 1842, idan aka ɗauki matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen lebura, a Rutland, wadda karkara ce, 38 ne. A Manchester 17. A Liverpool 15. Ko me za a ce, rai ya fi sule uku.

Malam Tanko: Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba. Mutuwar jarirai ce ta ja lissafin birni ƙasa haka, amma jaririn ma ai rai ne. Iskar ƙauye ta fi lafiya, na ba ka wannan. Sai dai kai ba iska ka yaba ba, kulawar manya ka yaba, kuma a nan muka rabu.

Maman Hanifa: Bari in sa baki da abin da idona ya gani. Lokacin da nake karatu a can, wata malamarmu ta kai mu wani tsohon cocin ƙauye. A gaba akwai kujeru kamar akwati, da ƙofa da sakata, na gidan mai ƙasa ne da manyan manoma. Can baya kusa da ƙofar shigowa, inda sanyi ke bugowa, benci ne zalla. A bango kuma ga wani baƙin allo da rubutun ruwan zinariya: wane ya bar kuɗi kaza a riƙa sayen burodi ana ba matalautan gundumar. Na daɗe tsaye a gaban allon nan. Sadakar ta gaske ce, an yi ta shekara da shekaru. Amma mai karɓar burodin ya san bencinsa.

Ɗan Zariya: Anti, kin gama magana. Ku duba Joseph Arch, ɗan leburan ƙauyen Barford, an haife shi a 1826. Da bakinsa ya ba da labarin yadda yana yaro ɗan shekara bakwai ya leƙa ta kafar makullin coci, ya ga mai ƙasa ya fara zuwa gaba, sai manoma, sai masu sana'a irin su maƙeri, sannan a ƙarshe leburori, mahaifinsa na cikinsu. Matar limamin kuma ta ba da umarni a yanke wa 'yan matan makaranta gashi, mahaifiyarsa ta ce ba da 'ya'yanta ba. Daga nan miya da kwal ɗin da ake rabawa suka daina zuwa gidansu. Baban Khalifa, wannan ne bargon?

Yaya Ladi: Ƙanena, a hankali. Ni Kirista ce, kuma labarin nan yana ci mini rai fiye da yadda yake ci maka, domin abin da yaron ya leƙa Jibin Ubangiji ne, wato ibadar karɓar gurasa mai tsarki a coci, wurin da bai kamata a san mai kuɗi da talaka ba. Amma kada a yi wa limaman kuɗin goro. Edward Girdlestone, limamin Halberton a Devon, ya tarar ana biyan lebura sule 7 zuwa 8, ya hau mumbari ya faɗa wa manoma gaskiya a gabansu. Suka ƙaurace masa. Daga 1866 ya shiga nema wa leburori aiki a inda ake biya da kyau, ya tura ɗaruruwa da iyalansu. Sannan kafin dokar ilimi ta 1870, wa ya gina yawancin makarantun ƙauye? Coci ce. Yaron da ya iya karanta takardar ƙungiyar ƙwadago, sau da yawa a makarantar limami ya koyi baƙi.

Ɗan Zariya: Yaya, na karɓi Girdlestone. Ga nawa kuma. A 1873 an kama mata 16 na ƙauyen Ascott-under-Wychwood saboda sun tare wasu samari biyu da aka kawo su maye gurbin mazajensu masu yajin aiki. Alƙalan da suka yanke musu ɗauri da aiki mai tsanani a Chipping Norton, dukansu biyu limaman coci ne. Biyu daga cikin matan da goyo suka shiga kurkuku.

Yaya Ladi: Na san labarin, kuma abin kunya ne. Zan ma ƙara maka da na Akenham a Suffolk, 1878, inda aka yi rigima a bakin kabarin yaro ɗan shekara biyu, iyayensa 'yan Baftis, domin ba a yi masa baftisma ba. Hayaniyar da ta biyo baya ta taimaka aka yi dokar 1880 da ta ba sauran ɗariku damar binne nasu da addu'arsu a maƙabartar coci. Abin da nake so a gane shi ne, masu ƙalubalantar wannan tsari su ma masu ibada ne. Arch mai wa'azi ne a ɗarikar Metodis. George Loveless na Tolpuddle, da aka kora Ostireliya da abokan gwagwarmayarsa biyar a 1834 saboda rantsuwar kafa ƙungiya, shi ma haka. Ƙaramin ɗakin sujada na bakin hanya, wanda leburori suka gina da kwabbansu, nan suka koyi tsayawa gaban jama'a su yi magana.

Baba Manomi: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin yi adalci. To ni tambayata, limamin nan wa ke ciyar da shi?

Malam Tanko: Ushirin amfanin gona, Baba. Da can dami ɗaya cikin goma ake ware masa a gona, har dokar 1836 ta mai da shi kuɗi. Kada dai a haɗa shi da zakka, domin wannan ba na miskinai ba ne, na riƙon limami ne, kuma ko manomi ba ya zuwa cocin gwamnati sai an biya a kan gonar da yake nomawa. Wani harajin kuma na gyaran ginin coci, sai a 1868 aka daina tilasta shi. Sau da yawa ma mai ƙasa ne ke da ikon zaɓen wanda zai zama limamin ƙauyen, ya ba ƙanensa ko ɗansa. To ka ga mai gona, mai ɗakin kwana, mai shari'a da mai rabon miya, duk tabarma ɗaya suke zaune.

Baban Khalifa: Amma Malam, tun dokar 1601 wajibi ne gunduma ta ciyar da gajiyayyunta. Ƙasashe nawa ne suke da irin wannan a lokacin?

Malam Tanko: Kaɗan ne, kuma abin yabo ne. Sai dai shekara uku kafin Biktoriya ta hau, dokar 1834 ta sauya shi. Aka haɗa gundumomi rukuni-rukuni, kowane rukuni ya gina gidan gajiyayyu, aka tsananta zaman cikinsa da gangan don kada kowa ya yi sha'awarsa. A bakin ƙofa ake raba miji da mata, a ware yara. A na Andover, a 1845, an samu mazaje da aka sa su daka ƙasusuwa don yin taki suna gwaguyar ruɓaɓɓen ɓargo saboda yunwa. Akwai kuma wata dabara: tunda harajin talakawa a kan gunduma yake, mai ƙasa da ya mallaki ƙauye sukutum sai ya ƙi gina ɗakuna, wani ma ya rushe na da, don kada talaka ya zauna ya zama nauyinsa. Lebura ya kwana a wani ƙauyen, ya taka mil da yawa kafin gari ya waye. Sai dokar 1865 ta mai da nauyin kan rukunin gaba ɗaya.

Maman Hanifa: Ba a taɓo mata da yara ba. A Bedfordshire da Hertfordshire suna saƙar karan alkama ana kai wa masu yin malafa a Luton, yara tun suna shekara huɗu. Suna jiƙa karan da bakinsu, har gefen leɓe ya tsage. A Buckinghamshire da Honiton leshi ake saƙawa da hannu. Da injinan Nottingham suka cika kasuwa da leshi mai araha, aka kuma fara shigo da saƙar kara daga Sin, wannan ɗan kuɗin cefanen ya tafi. A gabashin ƙasar kuma ɗan kwangila ke kwasar yara garke guda ya kai su cire ciyawa, sai a 1867 aka hana ɗaukar wanda bai kai shekara 8 ba.

Baba Manomi: Ikon Allah. Suna yin kala kuwa bayan girbi?

Maman Hanifa: Suna yi sosai, Baba. A ƙauyuka da yawa ƙararrawar coci ake bugawa da safe, ba wadda za ta shiga gona kafin a buga, don mai goyo da tsohuwa su samu daidai da kowa. A kai wa mai niƙa, garin ya taimaki gida cikin hunturu. Wannan kam tsari ne mai kyau, na yarda.

Baban Khalifa: To kun gani. Kuma watsewar ƙauyukan ai ba laifin limami ba ne. Alkamar Amurka ce mai araha ta karya noma daga ƙarshen shekarun 1870, ga daminar 1879 da ta lalata amfani.

Malam Tanko: Ta ƙara wa wutar mai, amma tafiyar ta riga ta. Tun ƙidayar 1851 mazauna birane suka zarce na karkara a Ingila da Wales, kuma daga nan adadin leburorin gona ya yi ta raguwa. Waɗanda suka zauna ma ba shiru suka yi ba. A Fabrairun 1872 Arch ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya a Wellesbourne ya yi wa leburori jawabi cikin dare, zuwa 1874 ƙungiyar ƙwadagon da suka kafa ta kai mutum wajen 86,000. Manoman gabas suka rufe musu ƙofar aiki a shekarar, ƙungiyar ta raunana. Duk da haka leburan ƙauye ya samu ƙuri'a a 1884, Arch ya shiga majalisa a 1885.

Yaya Ladi: Wani ɗan abu da nake so a dokar 1894, wadda ta karɓe harkokin mulkin ƙauye daga zaman dattawan coci ta ba majalisar da aka zaɓa: an rubuta cewa taron gunduma ba zai fara kafin ƙarfe shida na yamma ba. Domin da, da hantsi ake yawan zama, lokacin da lebura yake bayan garma.

Baban Khalifa: Na janye maganar cewa manya sun ɗauke wa talaka nauyi, labarin Andover ya ishe ni. Amma 38 da 17 ɗin nan ban janye ba. Da ni uba ne a 1845, da 'ya'ya biyar, aka ce in zaɓa tsakanin bencin baya a Rutland da ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Liverpool, bencin zan zaɓa.

Baba Manomi: Kai ɗana, sai ka fara tambaya ko akwai ɗakin da za su bar ka ka zauna a ƙauyen.