Shin "gore" ta jini daga sukar ƙaho ta fito?

Sani: Jama'a, ni ina nan kan bakana. Kalmar gore da Turawa ke kiran jinin da ya zuba ya daskare da ita, daga sukar ƙaho ta samo asali. In bijimi ya soke mutum a filin wasan shanu na Sifaniya, gore ake cewa da Turanci. Sukar ce ta kawo jinin, sai sunan ya bi shi.

Malama Hadiza: Sani, kamannin rubutu ne ya ja ka, amma kama da wane ba wane ba ne. A tsohon Turanci akwai gor, ma'anarta kashin dabba ko ƙazanta. Babu jini a cikinta ko kaɗan. Sai a ƙarni na 16 ta koma nufin gudan jini, musamman na fagen yaƙi. A yaren Holan har gobe goor na nufin abu mai ƙazanta.

Sani: Malama, kashi ina, jini ina?

Alhaji Bala: Ɗana, ka taɓa tsayawa a mayanka da hantsi? A tsohon yaren mutanen Norwe da Aisilan, gor ita ce abincin da ake tararwa a tumbin dabba. Jini da abin cikin tumbi a ƙasa ɗaya suke zuba, su cakuɗe, su yi kauri. Shi ya sa Bature ba ya kiran jinin da ke gudana a jijiya gore, sai wanda ya fita ya ɓata wuri. Ƙyamar ce ta bi kalmar, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa.

Zainab: Baba Alhaji ya yi gaskiya. Ga gore ta uku ma: maɗinkan Ingila na kiran ƙyalle mai kusurwa uku da ake ƙara wa siket gore. Wannan daga gara ta tsohon Turanci ta fito, wato yankin fili mai tsini, 'yar'uwar gar, mashi. Gar ɗin ce a farkon garlic, sunan tafarnuwa.

Sani: Yauwa, ƙanwata, kin taimake ni! Mashi, suka, jini. Ai ga zaren nan.

Malama Hadiza: Zaren ya haɗa mashi da sukar ƙaho, wannan kam masana da yawa sun karkata gare shi, ko da yake ba su yanke ba. Amma bai kai ga jini ba. Gar mai dogon wasali ce, gor gajere, tun can daban ake furta su.

Sani: To ko da tushensu biyu ne, ina ganin ta sukar ce ta ja ta ƙazantar zuwa wajen jini, tunda ta riga ma'anar jinin bayyana a rubuce.

Malama Hadiza: Wannan magana ce da za a iya zama a kanta. Amma da farko cewa ka yi daga can ta fito, yanzu kuma ka ce jan ta aka yi. Kawo mana jimla ɗaya ta ƙarni na 16 da ta nuna haka.