Taƙaitawa: gidajen haya a gefen Abuja

Jama'a, muhawarar da aka yi kan inda ya fi dacewa a kama haya a gefen Abuja ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda hayar Maitama, Asokoro da Wuse ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Shi ya sa ake tururuwa Kubwa, Lugbe, Karu da Nyanya.

2. A kan Mararaba ne aka fi kai ruwa rana. Tana jihar Nasarawa, haya da sauƙi, ga kasuwa a ƙofar gida. Amma cunkoson hanyar Keffi fa? Wasu sai sun iso ofis suke sallar asuba. Abin da ka rage a haya, in ji su, kuɗin mota zai lashe. Ni ma ga ra'ayinsu na karkata.

3. Gwarimpa akwai tsari da faɗin titi, sai dai masu cewa tsadarta ta kamo ta cikin gari sun fi yawa.

4. Ka je duba gida da damina, ka ga inda ruwa ke kwanciya da bangon da ya jiƙe. Fenti na ɓoye aibi. Ka tambayi rijiyar burtsatse da mitar wuta.

5. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ban da ladan dillali. Kada ka ba da sisi sai ka ga mai gidan ido da ido.