Neman kalma: me za mu kira dutsen wasa wuƙa na Japanawa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ana neman kalmar Hausa ta dutsen nan da Japanawa ke kira toishi, Turawa kuma su ce "waterstone". In aka rubuta "dutsen wasa", mai karatu zai iya ɗauka na wasan yara ne, tunda rubutunmu ba ya nuna karin sauti. "Dutsen wasa wuƙa na Japan" kuma ya yi tsawo. Ga kuma lambobin da ke jikinsa, 400, 1000, 6000, waɗanda ake ce wa "grit". Masana a taimaka.

Ɗan Maƙera: Wa alaikumus salam, Malam. Ai ba sai an ƙirƙira ba. Muna da "mawashi" tun kaka da kakanni, daga washi, shi ne abin da mahauci da wanzami suka sani. Kada dai a ce magagari, wannan ƙarfe ne mai haƙora, aikinsa daban. Lambar kuwa a ce "lambar kaushi".

Mai Gyaran Wuƙaƙe: Mawashi ya zauna daram, Ɗan Maƙera, amma a ƙara masa kalma ɗaya: "mawashin ruwa". Ruwan nan shi ne bambancinsa da sauran, kuma sunan zai hana mutane ɓarnar da aka fi yi, wato zuba masa mai. Mai yana toshe ƙofofin dutsen, daga nan ba zai ƙara shan ruwa yadda ya kamata ba. Dutse ne mai taushi. Yayin da ake washi, ƙwayoyin da suka dakushe suna zubewa, sababbi masu kaifi su fito, shi ya sa yake cin ƙarfe da sauri, shi ma yake cinyewa da sauri.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ƙishi, irin King mai lamba 1000, wanda ake nutsarwa a ruwa minti 10 zuwa 15 har sai kumfa ta daina tasowa. Akwai kuma wanda yayyafi ya ishe shi, irin Shapton da Naniwa Chosera. Chosera musamman, in aka bar shi kwance a ruwa, fuskarsa za ta yi ta tsattsagewa.

Sai dai "lambar kaushi" ban yarda da ita ba. Lambar tana hawa ne yayin da dutsen ke ƙara laushi. Wanda ya ji "lambar kaushi 6000" zai zaci ya fi 400 kaushi, ya saye shi don gyaran wuƙar da ta ɓalle, ya yini yana gugawa ba abin da ya canza. A ce "lambar laushi". Kamar rariya ce: yawan ƙofofi, laushin gari.

Ɗan Maƙera: Gaskiyarka. Na janye. To su Japanawa kashi uku suka yi masa, kuma harshen niƙa ya ba mu biyu daga ciki. Arato, daga lamba 200 zuwa 600, shi ne "mai ɓarza", don wuƙar da bakinta ya ɓalle ko ta dasashe ƙwarai. Nakato, wajen 1000 zuwa 2000, "matsakaici", shi ke fito da kaifi, kuma wanda zai sayi dutse ɗaya tak to wannan ne. Shiageto, daga 3000 zuwa sama, "mai lilis"... ko a ce "na gamawa", ya fi sauƙin baki.

Uwar Madafi: Sannunku da ƙoƙari, malamai. Akwai abin da ba ku taɓo ba: ruwan nan mai kauri, launin toka, da ke taruwa a kan dutsen in ana washi. Wasu na ce masa laka, wasu dauɗa. Don Allah a bar waɗannan sunayen, domin duk wanda aka ce wa laka ce, wanke ta zai yi. Alhali garin dutsen ne ya haɗu da garin ƙarfe, kuma yana taya aiki, musamman a dutsen gamawa, inda yake sa bakin wuƙa ya yi sumul. Ni "ƙullu" nake so, domin ƙullu abin amfani ne, kuma kowa ya san yadda ake kula da shi: in ya yi kauri har wuƙa na maƙalewa a ɗiga ruwa kaɗan, in ya tsinke a rage ruwa. Ba a kwarara masa kofi guda.

Mai Gyaran Wuƙaƙe: Hajiya, wannan ta yi. Bari in ƙara wadda ta fi duka muhimmanci. Japanawa na cewa kaeri, wato siririn ƙarfen da ke lanƙwasowa ta ɗaya gefen in washi ya kai baki. Mu ce "leɓe". Ana ɗora wuƙa a kusurwar digiri 15, kimanin tsayin kwabbai biyu ko uku ƙarƙashin bayanta, a guga har sai an shafa yatsa daga baya zuwa baki, ba a tsawon kaifin ba, an ji wani ɗan ƙaiƙayi tun daga gindi har tsini. Leɓe ya fito ke nan, sai a juya. Wanda ya juya kafin ya fito bai kai baki ba. Wanda kuma ya bar shi bai cire ba, da sassauta hannu a shafawar ƙarshe ko gugawa a fata irin ta wanzamai, wuƙarsa za ta yanka tumatir biyu ta mutu, don leɓen ne ya kwanta a kan kaifin.

Ɗan Maƙera: Lotsawar tsakiyar dutse kuma a ce ya yi "kwarmi". Maganinsa: a zana layuka da fensir a fuskar, a guga da farantin daimon irin Atoma, ko sanfefa a kan gilashi, har zanen ya goge duka, sannan a ɗan kashe gefunan don kada su ɓalle. In an gama a wanke, a jingine shi a inuwa. Rana ko iskar hunturu na busar da bayansa kafin cikinsa, sai ya tsage.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri. Saura ɗan ƙaramin dutsen da ake gugawa a kan babban don tayar da ƙullu, nagura.

Uwar Madafi: Wannan a bar masa sunansa, Malam. Na asali daga yankin Mikawa na lardin Aichi aka haƙo shi, kamar yadda duwatsun gamawa irin Nakayama da Ohira suka fito daga Kyoto. Kuma "nagura" ba ta yi wa bakin Bahaushe nauyi ba. In ana son bayani a karon farko, a rubuta "nagura, dutsen tayar da ƙullu".