Kprobe a kan __x64_sys_openat: me ya sa regs->di take ba ni shirme?

Ɗalibin Kabuga:

Assalamu alaikum, malamai. Ina rubuta ƙaramin modul na kanel ɗin Linux da zai nuna sunan duk fayil ɗin da aka buɗe. Na ɗora kprobe, wato tarkon da ake sa wa fankshan na kanel don leƙa abin da ya shigo masa, a kan `__x64_sys_openat`, fankshan ɗin buɗe fayil, kanel 6.8 a injin x86_64. A iya sanina `regs->di` ita ce dfd, wato agumen na farko mai nuna folda, `regs->si` kuma adireshin sunan fayil. Amma di doguwar lamba take ba ni mai farawa da ffff, si kuwa ba kai ba gindi. Da na koma ftrace, tsarin kanel na bibiyar kiran fankshan, sai `ftrace_get_regs` ta dawo da NULL, injin ya sandare nan take. Ina kuma so modul ɗin ya yi aiki a Raspberry Pi mai arm64. A ina na kauce?

Injiniyan Gwale:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Rijistocin, wato ƙananan ma'ajiyai na cikin firosesa irin su di da si, gaskiya suka faɗa maka, kai ne ka tsaya a ƙofar da ba ita ba. Tun daga kanel 4.17, duk fankshan mai farawa da `__x64_sys_` agumen ɗaya tak yake karɓa, wato adireshin `pt_regs`, kwafin rijistocin da kanel ya ajiye lokacin da manhaja ta shigo da kiranta. Ka ga ke nan `pt_regs` biyu ne a hannunka. Na farko shi ne wanda kprobe ta miƙo maka, hoton firosesa a bakin fankshan ɗin. Na biyu shi ne na manhajar, kuma `regs->di` ce take nuna inda yake. Shi ya sa ka ga ffff, adireshi ne a cikin sitak na kanel. Ita si a wannan gaɓar ragowar aikin baya ce kawai, ba ta ɗauke da komai naka.

Sai ka ɗauki `regs->di` a matsayin manuni zuwa `struct pt_regs`, ka karanta di da si daga can. Ka kula da agumen na huɗu. Tsakanin fankshan da fankshan jerin shi ne rdi, rsi, rdx, rcx, r8, r9, amma a kiran sistem r10 ce take maye gurbin rcx, domin umarnin `syscall` da kansa yana zuba adireshin komawa a cikin rcx. Wanda ya nemi mode na openat, wato lambar izinin fayil da ke agumen na huɗu, a cx zai yi ta ganin adireshi a inda yake jiran 0644.

Kafin ka sake taɓa modul, gwada wannan a `/sys/kernel/tracing/kprobe_events`:

`p:buda __x64_sys_openat suna=+0(+104(%di)):ustring`

Wannan 104 ɗin nisan si ne daga farkon `pt_regs`, wanda gaba ɗayansa bayit 168 ne, gurbi 21 kowanne bayit 8. In sunaye suka fito, ka san lissafinka ya zauna.

Sunan fayil kuma a memorin manhaja yake. Kada ka kira `copy_from_user` daga cikin kprobe, domin ba a yarda a yi barci a wurin ba, ita kuwa tana iya tsayawa jiran a ɗauko shafi. Yi amfani da `copy_from_user_nofault`, ka kuma shirya wa -EFAULT, saboda wani lokacin shafin bai riga ya hau memori ba.

Malam na Hotoro:

Bari in ɗora a kan batun NULL ɗin, don nan ne mutane suka fi faɗawa. A x86 ftrace ƙofa biyu gare ta, `ftrace_caller` da `ftrace_regs_caller`. Ta farkon rijistocin agumen take ajiyewa tare da ip da sp, ta bar cs a sifili da gangan. `ftrace_get_regs` wannan cs ɗin take dubawa, in ta ga sifili sai ta ce maka NULL. An yi haka ne don sauri, tunda ana iya bi ta nan sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. In cikakken `pt_regs` kake so, sa tutar `FTRACE_OPS_FL_SAVE_REGS` a `ftrace_ops` kafin ka kira `register_ftrace_function`. Akwai kuma `SAVE_REGS_IF_SUPPORTED`, wadda ba za ta hana ka rajista ba, amma za ta iya ba ka NULL, don haka dole ka duba.

Ni dai shawarata, ɗan'uwa, ka rabu da `pt_regs` gaba ɗaya a ftrace tunda Pi kake hari. Daga kanel 6.2 arm64 ta daina ba da cikakkun rijistoci ta wannan hanyar. Kwamfayila yana barin nop biyu, wato umarnin da ba ya yin komai, a bakin kowane fankshan, kanel ya mayar da na farko `mov x9, x30` don adana adireshin komawa, na biyu ya zama kira zuwa `ftrace_caller`. Abin da ake ajiye maka x0 zuwa x8 ne, da fp, lr, sp da pc. Nemi x19 ba za ka same ta ba, kuma rajista da SAVE_REGS ma ba za ta karɓu ba. `ftrace_regs_get_argument` kuwa tana aiki a injinan biyu ba tare da ka canja layi ko ɗaya ba. A arm64 sunan fankshan ɗin `__arm64_sys_openat` ne, shi ma manuni ɗaya yake karɓa a x0.

In wata rana ka so karkatar da kiran ta hanyar canja ip, sai da tutar `IPMODIFY`, kuma mutum ɗaya ne yake iya riƙe ta a kan fankshan guda. Idan livepatch, mai gyara kanel yana cikin aiki, ta riga ka, -EBUSY za ka samu.

Malama daga Tarauni:

Ƙanena, abin da za ka ci karo da shi gaba shi ne kretprobe, wato kprobe mai kama fankshan a lokacin fitarsa, domin na san za ka so ganin fd, lambar fayil ɗin da aka buɗe, da aka dawo da ita. A lokacin fita daga fankshan, rdi da rsi sun riga sun lalace, ƙa'idar kira ba ta ɗora wa kowa nauyin kiyaye su ba. Abin dogaro kawai shi ne `regs_return_value`. Ka kwashi agumen ɗinka a `entry_handler`, ka ware musu wuri da `data_size`, ka karɓe su a `ri->data` wajen fita. Ka riƙa leƙa `nmissed`. In yana hawa, `maxactive`, wato yawan kiran da ake iya bi a lokaci guda, ya yi kaɗan, wasu kiraye-kirayen suna wuce ka.

Ka kuma duba `/proc/kallsyms` kafin ka yarda da abin da ka karanta a fayil ɗin C. Duk sunan da ya ƙare da `.isra.0` ko `.constprop.0`, kwamfayilan GCC ya taɓa agumen ɗinsa, wani ya cire shi, wani ya sauya masa siffa, don haka abin da ke rsi ba lalle ne ya zama na biyun da ka sani ba.

Rijistocin lissafi na musamman, wato xmm a x86 da na NEON a arm64, ba sa cikin `pt_regs` sam. In modul ɗinka ya taɓa su ba tare da `kernel_fpu_begin` ko `kernel_neon_begin` ba, lissafin manhajar wani za ka ɓata, kuma kanel ba zai yi ko tari ba.

Ɗalibin Kabuga:

Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Layin kprobe_events ya fito da sunaye daidai. Saura sandarewar, yanzu ba NULL ba ne, amma da na buɗe ftrace ga fankshan da yawa sai injin ya sake tsayawa.

Injiniyan Gwale:

Kolbak ɗinka, wato fankshan ɗin da ka ba ftrace ta riƙa kira, shi ne yake kiran kansa. Ya kira wani fankshan da shi ma kake bibiya, wannan ya dawo da kai cikin kolbak, haka har sitak mai KB 16 ya cika. Sa masa `notrace`, ka ƙara tutar `FTRACE_OPS_FL_RECURSION`, ko ka kewaye aikin da `ftrace_test_recursion_trylock`. Cire `printk`, ka sa `trace_printk` a madadinta. Sannan ka taƙaita da `ftrace_set_filter` tun kafin rajista, in ba haka ba duk fankshan na kanel za ka kama. Gwajin kuma ka mayar da shi cikin QEMU, mai kwaikwayon inji, da `-s -S`, ka haɗa gdb, manhajar binciken kuskure, ta tashar 1234, ka sa wurin tsayawa a kolbak ɗin, ka buga `info registers` ka gwada da abin da `fregs`, rijistocin da ftrace ta miƙa wa kolbak, ta ba ka.