Tsohon keken Raleigh na babanmu, in gyara ko in sayar?

Mai Feda: Salam 'yan uwa, na tsinci Raleigh ɗin marigayi babanmu a sito, mai birkin sanda, taya inci 28, tambarin kan zalɓen nan yana nan daram amma kaca ta ci tsatsa sirdi kuma ɓera ya gama da shi, wani mai faci ya taya wai in sayar masa, ya kuke gani?

Baban Yara: Kai ɗana kar ka kuskura! Ƙirar Nottingham ce ta Ingila, ƙarfen nan ba irin na yanzu bane. Jiƙa kacar a kananzir ta kwana biyu ka goge.

Sarkin Giya: Kayan keken Phoenix na Chana da yawa suna hawa, sirdi da madigadi duk zaka samu. Fenti dai kar ka taɓa.

Mai Feda: To Baba na fasa, kananzir ɗin ma na siyo.