Waɗanda suka shiga Fate ta reshe, ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Mai Gyaran Waya:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya ƙanena ya same ni a shago yana tambaya ta ina zai fara kallon Fate, jerin katun ɗin nan na Japan. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tuna ni ma ba ta ƙofar gida na shiga ba. Shi ya sa na kawo maganar nan: duk wanda ya fara da reshe kafin ya ga uwar labarin, ya faɗa mana abin da ya tarar. Za a tona asirin labari da yawa, wanda bai kalla ba ya yi hattara.

Ga wanda bai san zancen ba, matsafa bakwai ne kowanne yake kirawo wani gwarzo na tarihi ko na almara ya zama baransa. Akwai mai takobi, maharbi, mai mashi, mahayi, boka, mai kisan mummuƙe, da wanda hauka ne ƙarfinsa. Sai a yi ta gwabzawa har a bar ubangida ɗaya da baransa, su ɗauki Ƙoƙo Mai Tsarki da aka ce yana biyan kowane buri. Asalin abin wasan kwamfuta ne na karantawa, Fate/stay night, wanda kamfanin Type-Moon ya fitar a 2004, Kinoko Nasu ya rubuta.

Ni Fate/Apocrypha aka fara zuba min a memori, a wajen mai tura fina-finai na bakin layinmu. Kashi 25 ne, na 2017. A can yaƙin a Romaniya ake yi, kuma gwaraza goma sha huɗu ne, bakwai ɓangaren Baƙi, bakwai ɓangaren Ja, ga Jeanne d'Arc a tsakiya tana alƙalanci. Na ɗauka haka dokar take, rukuni da rukuni kamar ƙwallo. Abin da ya riƙe ni shi ne Mordred da ubangidanta Sisigou, yadda suke cacar baki amma ba wanda ya taɓa cin amanar wani. Sai dai duk kukan da take yi a kan mahaifinta, Sarki Arthur, ban fahimce shi ba, don ban san wace ce Saber, mai takobin asalin labarin, ba, ban ma san a wannan duniyar Arthur mace ce kuma ita ce Saber ɗin ba. Sai bayan shekara guda da na ga fuskar Saber a wani shirin, sannan na gane abin da ke cin yarinyar nan.

'Yar Damagaram:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ni Fate/Zero, labarin yaƙin da aka yi kafin na asalin labarin, na fara gani, da rubutun Faransanci a ƙasa. Mu nan Nijar mun san sunan Jeanne d'Arc tun muna makaranta, mun san an ƙone ta a Rouen a 1431. To da bokan nan mai ƙwala-ƙwalan idanu ya durƙusa gaban Saber yana kiranta Jeanne, sai na tsayar da shirin na je na duba sunansa. Ashe Gilles de Rais mutum ne da ya taɓa rayuwa. Ya yi yaƙi tare da Jeanne a Orléans a 1429, daga baya aka same shi da laifin kashe yara, aka rataye shi a Nantes a 1440. Wallahi mako guda ban koma kan shirin ba. Da ina kallon abin da yake yi wa yaran nan a matsayin zane, da na san daga tarihi aka ciro shi sai abin ya tsaya min a rai. Duk wanda ya ga katun ne ya ce zai kunna wa ƙananan yara Zero, don Allah kada ya yi.

Malamin Tarihi:
Ni tawa hanyar ta fi ta kowa karkata, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Wani ɗalibina da ya gama makaranta ne ya turo min Lord El-Melloi II's Case Files, na 2019, kashi 13, ya ce Malam wannan naka ne, labarin malami ne. Na zauna ina kallon wani dogon mutum mai dogon gashi, kullum fuska a murtuke, yana koyarwa a makarantar matsafa da ke Landan. Shi kansa tsafinsa ba ƙarfi, ɗalibansa duk sun fi shi baiwa, amma ba wanda ya kai shi iya gane yadda abu yake aiki, kuma duk yaron da ya biyo ta hannunsa sai ya zama wani abu. Wannan kaɗai ya isa ya kama ni, don duk wanda ya riƙe alli ya san ranar da yaron da ka koya wa zai wuce ka.

Amma akwai wani abu da ya yi ta damuna. Mutumin nan yana ajiye da wani ɗan ƙyalle ja kamar ransa, kuma da an ambaci wani sarki sai muryarsa ta canja. Shirin bai tsaya ya yi min dogon bayani ba. Na gama kashi goma sha ukun ina ɗauke da tambaya ɗaya: wane sarki ne wannan da har bayan kusan shekara goma mutum bai gama makokinsa ba?

Da wannan tambayar na shiga Fate/Zero, wanda kamfanin ufotable ya yi tsakanin 2011 da 2012 daga littafin Gen Urobuchi. Sai ga malamin nawa yana ɗan shekara goma sha tara, Waver, ɗan tsurut, mai saurin fushi, ya sace ƙyallen daga kayan malaminsa ya gudo Japan don ya nuna wa duniya shi ma wani ne. Gwarzon da ya fito masa da ya yi kira da ƙyallen kuwa Iskandar ne, wato Iskandari na Makidoniya, wanda nake koyar da tarihinsa a aji, wanda ya mutu a Babila a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa. A nan sun yi shi ƙato, jan gemu, mai dariya kamar tsawa, yana buɗe taswirar duniya yana mamakin ƙanƙantar ƙasar da ya ci da yaƙi.

Kashi na 11 ya kamata duk mai sha'awar zancen mulki ya gani. Sarakuna uku suka ajiye makami suka zauna muhawara: Saber ta ce sarki bawan jama'arsa ne, Gilgamesh sarkin Uruk ya ce komai na duniya nasa ne tun asali, Iskandar ya ce sarki shi ne wanda ya fi kowa buri har mutane su ga suna son su zama kamarsa. Ni ban yarda da Iskandar ba, in faɗa muku gaskiya. Ina ganin an zalunci Saber a wannan zama, an hana ta amsar da take da ita, don sarkin da ya ja dubban mutane zuwa Indiya saboda burin kansa, daularsa ta tarwatse da mutuwarsa, ba shi da bakin yi wa wani gori. Amma da aka zo kan gada a kashi na 23, Waver ya riga ya ƙarar da umarninsa uku na bayan hannu da ubangida ke tilasta wa baransa da su, ya sauka daga matsayin ubangida da kansa, Iskandar ya tambaye shi ko zai zama bafadensa, ya umarce shi ya rayu ya ba da labari, sai na kasa riƙe hawaye. Wanda ya fara da Zero yana ganin yaro ne ya tsira. Ni da na fito daga ɗaya shirin na riga na san nauyin da wannan umarni zai zame masa, na ga furfurar tun kafin ta fito.

Ɗan Tudun Wada:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma kai sa'a ka yi. Ni Zero ɓarna ya yi min. An rubuta shi ne don wanda ya riga ya san asalin labarin, shi ya sa tun kashin farko yake faɗa maka Sakura ƙanwar Rin ce da aka bayar ga gidan Matou, alhali su biyun suna cikin jaruman asalin labarin. Wannan kuwa sirri ne da Heaven's Feel, ɗaya daga cikin hanyoyin asalin labarin, yake ɓoyewa sai can ciki. Da fina-finansa uku suka fito, 2017 da 2019 da 2020, abokina da muke kallo tare ya dafe kai a wurin da aka tona, ni kuwa ina zaune kamar an ba ni labarin da na sani. Yaya Mai Gyaran Waya, kada ka ba yaron nan Zero da farko.

Malamin Tarihi:
Gaskiyarka ɗana, wannan asara ce, kuma ba a mayar da ita.

Uwar Biyu:
Ni ta ɗakin girki na shiga. Today's Menu for the Emiya Family na fara gani, gajeru ne, kashi 13, ba yaƙi ba jini, Shirou, jarumin asalin labarin, yana dafa abinci mutanen gida suna ci. Mai mashin nan mai shuɗin gashi har kifi yake sayarwa a kasuwa. Na saba da su kamar maƙwabta. Da maigidana ya kunna Unlimited Blade Works, wata hanyar asalin labarin, na ga mutanen da na bari a kan tabarma ɗaya suna neman ran juna, abin bai yi min daɗi ba ko kaɗan, musamman abin da ya sami ƙaramar yarinyar nan Illya.

Tunda na ambace ta, iyaye ku kula da Prisma Illya. Hoton bangon yara ne 'yan firamare da sandar tsafi, za ka ɗauka na yara ne. Akwai abubuwan rashin kunya a ciki da ba su dace ba sam, balle da yake yara aka zana. Na goge shi daga wayar gidanmu.

Na Zangon Kumasi:
Ni ma Apocrypha ne, amma Karna ne ya riƙe ni. Mun tashi da finafinan Indiya a gida, don haka sunan bai zame min baƙo ba. A Mahabharata ɗan allan rana ne a wajensu, uwarsa Kunti ta saka shi a kogi yana jariri, mai tuƙa keken doki ya raine shi, aka yi ta yi masa gorin asali duk da ya fi 'ya'yan sarauta iya harbi. An san shi da cewa ba ya hana wanda ya roƙe shi, har sulken da aka haife shi da shi ya yanke ya bayar, yana sane da cewa ransa ya bayar. Masu shirin sun riƙe wannan hali. Faɗansa da Sieg, jarumin shirin, a kashi na 22 na kalla ya fi sau goma. Wasu sun ce zanen ya lalace a wurin, fuskoki sun narke. Ni a ganina da gangan aka saki layin don a ji zafin wutar, kuma ban ga faɗan da ya kai shi ba a duk shirin. Inda Apocrypha ya gaza shi ne Sieg ɗin kansa. An tara Achilles da Chiron malaminsa, da Vlad, da Semiramis, sannan aka ɗora labarin a kan wanda ya fi kowa ƙarancin abin faɗa.

Ɗalibar Jami'a:
Bari in kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba. Na fara da Babylonia na Fate/Grand Order, wanda aka nuna daga 2019 zuwa 2020, kashi 21. Ban san cewa babi na bakwai ne na wani wasan waya da ya fito a 2015 ba, don haka an jefa ni tsakiyar tafiya, ban san Chaldea ba, ban san Mash ba. Duk da haka na so Gilgamesh na ciki, sarki mai aiki dare da rana a kan allunan yumɓu yana tsare birnin Uruk. Shi ya sa na je na karanta cewa Uruk tana kudancin Iraƙi ta yau, kuma labarinsa da abokinsa Enkidu yana cikin tsofaffin rubutattun labaran duniya. Da na gan shi a Zero, mai girman kai da raina mutane, ban yarda mutum ɗaya ba ne.

Amma a nan na tsaya. Na fahimci cewa babban labarin yana tafiya ne zuwa ga wani da suka kira Solomon, har fim ɗin 2021 sunansa ke kai, kuma a wasan akwai David. Na san daga littattafan Yahudawa da Kiristoci da almarar matsafan Turai suka ɗauko su, a matsayin sarakuna. A wajena dai Annabi Sulaiman ne da Annabi Dawud, alaihimas salam, kuma zuciyata ba ta yarda in ga an zana su ana kirawo su da tsafi ba. Ban kalli fim ɗin ba, ba kuma zan kalla ba. Na faɗa ne don wanda zai bi wannan reshe ya san abin da ke gabansa.

'Yar Damagaram:
Na gode 'yar'uwa, ban san da wannan ba, kuma Babylonia ne na gaba a jerina. Yanzu zan yi tunani tukuna.

Mai Gyaran Waya:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Yaron shekararsa goma sha bakwai. Na zuba masa Unlimited Blade Works na ufotable, na 2014 zuwa 2015, na ce ya fara daga kashin share fage na Rin kada ya tsallake. Idan ya gama zan ba shi Heaven's Feel saboda maganar Ɗan Tudun Wada, sannan Zero. Maganar Ɗalibar Jami'a kuma zan faɗa masa da bakina kafin ya je ya ci karo da ita. Malam, shirin malamin nan na Landan ban taɓa gani ba, yau da daddare in an tashi daga shago zan fara.