Taƙaitawar shawarwarin da mutane suka bayar kan yadda ake cire tsatsar tsohon banati (wuƙar da ake maƙalawa a bakin bindiga) samfurin 1907 na Ingila

1. Kowa ya yarda: ban da injin wasa wuƙa ko sanfefa. Suna shafe hatimin kambi da shekarar ƙira da ke gindin ruwan wuƙar, darajarsa ta zube.
2. Jar tsatsa kaɗai ake cirewa. A jiƙa da man keken ɗinki kwana biyu, a goga a hankali da soson ƙarfe lamba 0000, wato mai laushi sosai. Baƙin dattin tsufa a bar shi.
3. An rabu kan ruwan khal. Wasu sun ce yana da sauri, mafi yawa sun ce yana cinye baƙin rinin da aka yi wa ƙarfen tun asali, ƙarfen ya koma toka-toka. Na fi yarda da na biyun.
4. A ƙarshe a shafa kaki. Kada a ajiye banatin cikin kuben fata, yana riƙe danshi.